Kafaɗata da Jinkar Rumbun Gandu

Ni dai a gindin rumbun gidanmu na bar kafaɗata ta dama. Zamanin Turawa ne, a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, inda gonaki suka matsu har kana jin tarin maƙwabcinka yana huɗa. Babanmu ya rasu ya bar mu a gandu, ni da yayana: gona ɗaya, rumbu ɗaya, kuma maganar gida a hannun Yaya take. Ni ne ƙarami, amma ni ne mai ƙarfin. Ba yabon kai ba, ko a gayya ni ke fara kai bakin gona.

Da kaka aka yi wa rumbun sabuwar jinka. A ƙasa ake ɗaura ta, sannan a kira maza su kewaye ta, su ɗaga su ɗora. Mun kai ta sama da kai ke nan sai na gefena ya yi tuntuɓe ya saki. Da na bi shi na saki, da kan mutane za ta faɗa, don haka na riƙe. Na ji wani abu ya yi ƙas a cikin kafaɗata, kamar igiyar guga ta tsinke. Jinka ta zauna daram, aka dama fura aka sha, ni ko ludayin ban iya ɗagawa ba.

Washegari Inna, mahaifiyarmu, ta sa aka kira mai ɗori. Dattijon ya bi ni da yatsa tun daga allon kafaɗa har gwiwar hannu, ya murɗa, ya ja, ya yi tofi. Ya ce ba karaya, ba targaɗe, ba gocewa.

"Ƙashi lafiya lau," in ji shi. "A shafa man shanu."

Gaskiya ya faɗa, Allah ya jiƙansa, kuma gaskiyar nan tasa ce ta kashe ni. A garinmu ciwon hannu iri biyu ne: wanda aka ɗaure da karare, da na ƙarya. Mai ɗaurin karare ana kai masa kunu har shimfiɗa, ana yi masa sannu. Ni kuwa ba kara, ba kumburi, ba jini. Wanzami ya zo ya kafa ƙaho, ya yi tsaga, tabon yana nan har yau, hannu dai ya ƙi wuce ƙugu. Yatsuna suna damƙa da ƙarfinsu, gwiwar hannu tana lanƙwasuwa, amma in ce zan ɗaga shi gefe ko sama, sai ka ce hannun wani aka rataya mini. Taguwa ma sai matata ta sa mini, kwanciya ta wannan ɓarin kuwa na manta da ita.

Duk rani Yaya bai ce kanzil ba. Da damina ta faɗi aka fito da garma, na gwada da hagu, aka bar ni a baya kamar tsohuwa mai kala. Ran nan muna cin tuwo a akushi ɗaya, ya tsaya yana kallon lomata, ya ce hannun da ya san hanyar baki ai bai manta hanyar garma ba. Bai lura da yadda nake sunkuyar da kai in tari lomar ba, ko kuwa ya lura bai ga dama ba.

Ana cikin haka umarni ya zo daga hakimi, kowane gida ya ba da mutum ɗaya aikin hanya, hanyar da motocin gyaɗa za su riƙa bi. Yaya ya ba da ni, tunda a gona ba ni da amfani. Na tafi ƙofar mai gari na durƙusa na faɗi lalurata a gaban jama'a. Mai gari ya ce a nuna masa. Yaya ya miƙe ya kama ni a wuyan hannu, ya ɗaga shi har sama, hannu ya tafi ba gardama.

"Ranka ya daɗe, ga shi nan. Yana ɗaguwa."

Ya ce in riƙe, ya saki. Hannu ya faɗo kamar tsumma ya bugi cinyata, zafi ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa. Wuri ya kaure da dariya. Wani ya ce ko ɗan kama bai fi ni iya wasa ba. Yaya ya sake ɗagawa ya saki, ya kuma sakewa, don na baya su ma su gani. Cikin masu dariyar har da waɗanda jinkar nan za ta murƙushe da na sake ta. Daga ranar yara suka sa mini suna Ƙashi-lafiya.

A wurin aikin hanya kwandon marmara muke ɗauka. Sai an ɗora mini, in tallafe da hannu ɗaya, in ya karkace ya zube dogari ya sauke mini bulala. Labarina ya riga ni zuwa, saboda haka kafaɗar yake nema, wai zai tashe ta daga barci. Da na dawo gida na tarar Yaya ya raba gandu. Ya yanko mini wani fako a bakin burtali, inda ko ƙaya da ƙyar take fita, rumbu kuwa da jinkarsa ya zauna a wajensa. Inna tana kuka tana ba ni haƙuri, wai ɗan'uwa rabin jiki ne. Na ce mata haka ne, Inna, amma ba rabin da ke ciwo ba.

Na kwashi matata muka shiga birni. Na yi gadi, a can kuma na koyi rubutu, da hagu, da ita nake rubuta wannan. Bayan shekaru wani maƙwabci ya matsa mini na je asibiti. Likitan Bature ne, da tafintansa. Ya kama ni a wuyan hannu ya ɗaga sama, ya ce in riƙe, ya saki. Hannu ya faɗo. Na runtse ido ina jiran dariya, ba wanda ya yi. Tafinta ya ce faɗowar nan ita ce shaidar: ƙashi lafiyarsa ƙalau, jijiyoyin da ke riƙe shi a gurbinsa su ɗaga shi ne suka yage. Naman bayan kafaɗar ya riga ya shanye, lokacin gyara ya wuce. Suka koya mini gashi da ruwan zafi da hawan bango da yatsu, zafin ya ɗan ragu. Ban san sanda hawaye ya zubo mini a gaban Baturen nan ba.

Ban iya haƙuri ba, na niƙi gari har ƙauye na kai wa Yaya maganar. Ba gona nake so ya mayar mini ba, so nake ya ce ya yarda. Ya saurare ni har ƙarshe yana ɓare gyaɗa, sannan ya ɗago.

"To, ai ka ji. Shi ma ya ce ƙashi lafiya."

Ban sake taka gidan ba sai ranar da aka aiko ya rasu. Aka yi masa salla, aka zo ɗaukar makara. Ni ne ƙanensa, aka buɗa mini wuri a gaba, ta ɓarin da kafaɗar dama ke ɗauka. Na sa hannu da zuciya ɗaya, Allah ne shaidata. Aka yi bisimilla aka ɗaga, sauran kusurwoyi suka hau kafaɗa, tawa ta tsaya a ƙugu. Makara ta karkace, wani ya yi wuf ya tare ta ya ture ni gefe. Wani dattijo, tsohon abokin Yaya, ya matso kusa da kunnena, a hankali don kada a ji.

"Haba, Ƙashi-lafiya. Har gawarsa ma ba za ka ɗaga ba?"

Na bi su a baya har maƙabarta, hannuna yana reto.