Ba Bututunka Ne Ya Gaza Ba, Ayinde

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, mun shirya ko ba mu shirya ba. Ranar Talata, 24 ga Afrilu, 1984, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Ayinde mai walda, mutumin Funtuwa, a ɗakin tukunyar tururi ta ƙungiyarmu ta manoman shinkafa da ke wajen Dandume. Ni ne Maiwada, magatakardan ƙungiyar. Wasu manya sun ce in yi shiru, wai tone-tone ba ya tayar da mamaci. Gaskiya ne, ba ya tayarwa. Amma mamacin ya bar iyali, an kuma ɗora wa sunansa laifin da ba nasa ba, saboda haka ba zan yi shiru ba.

Ayinde, na fara saninka a 1976, shekarar da muka sayo tukunyar don mu huta da turara shinkafa a cikin duro. Ni jikan Gobirawa ne, kai Bayarabe, tun ranar farko na ce ga bawana ya zo aiki. Ka dubi tsagen fuskata ka ce ai ba a taɓa ganin ubangida da shaidar ƙulli a kunci ba. Da wannan wasa muka zauna har ranar da muka rabu.

Kwamiti ya riga ya sayi wani siririn bututu na hayaƙi kafin ka zo. Ka auna bakin tukunyar, ka auna bututun, ka jingine shi a bango ka ce ba za ka ɗora ba. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, ka ɗaure kayan aikinka a bayan babur za ka tafi. Ka ce bututu ba ya ƙanƙanta da bakin da hayaƙi ke fitowa, sai ya wuce ƙololuwar rufi, kuma duk lanƙwasar da aka ƙara masa numfashinsa aka rage. Da kanka ka naɗe wani daga farantin ƙarfe, ka yi masa hula saboda ruwan sama. Sannan ka fasa bangon baya daga can ƙasa, ka zura gajeren bututu mai faɗi, ka rufe bakinsa da raga don ɓera da maciji. Wannan ita ce kafar da wuta ke shan iska.

Ban gane amfaninta ba sai da ka tsinto gashin kaza ka ce in riƙe a bakin ragar. Ina ji iska na fizgar shi ciki. "Bagobiri," ka ce da ni, "wuta ma numfashi take yi. Wancan na sama bakinta ne, wannan na ƙasa hancinta. Ka toshe mata hanci, sai ta shaƙe wanda ke kusa da ita."

Ba mu kaɗai ka yi wa ba. Madam Gertrude mai gidan burodi a Funtuwa ta zo gaisuwa tana kuka, ta ce ma'aikatanta sun daina ciwon kai tun da ka ɗaga mata bututun murhu. Ladidi mai ƙuli-ƙuli ta Bakori ta ce a hanya ka ga hayaƙi na fita ta ƙofar ɗakin suyarta, ka tsaya, ka huda mata kafa, ka ci ƙuli ka wuce. Haka kake, ba ka iya ganin hayaƙi ya ɓata hanya ka ƙyale shi. Kowace shekara kuma, kafin ruwa ya sauka, sai ka zo duba hular bututunmu ba tare da an aika maka ba.

Ga abin da ya faru, kowa ya ji. Al'adarmu ce a yi yaɓe kafin damina. Shugaban ƙungiya, Alhaji Bature, ya sa surukinsa Shitu magini ya yaɓe bangon ɗakin tukunya. Shitu maginin kirki ne, kuma abin da ubansa ya koya masa shi ne duk kafar da ke gindin bango abokiyar gaba ce, ta nan ruwa ke cin gini. Ya ga kafa, ya cika ta da laka, ya shafe sumul. Ta ciki kuwa buhunan ƙaiƙayi sun kare wurin. Da yake zafi ake yi, ƙofa a buɗe take wuni, ba wanda ya lura.

Ranar Talatar hadarin farko ya taso da iska mai ƙarfi. Jibo mai hura wuta ya ja ƙofa ya rufe don kada ƙaiƙayi ya watse. Kai kuma ka iso a kan babur don duba hular, ka ɗaga kai ka ga bututu ba ya fitar da hayaƙi alhali ana aiki. Ka banke ƙofa ka tarar da Jibo a kwance. Ka jawo shi waje, ka koma don ka janye wutar kada tukunya ta ƙafe ta fashe. Iska ta maido ƙofar. Mutane suna can a kan Jibo suna yayyafa masa ruwa, kafin a tuna da kai ka riga ka cika.

Ajali ne, ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Jayayyata da mutane ce. A zaman makoki, a ƙofar gidanka, Alhaji Bature ya ce bututun Bayarabe ne ya gaza, dama aikin baƙo sai a hankali. Ya san da yaɓen, domin shi ya sa a yi. Amma Shitu surukinsa ne, kai kuwa ba ka da bakin kare kanka. Kafin kwana uku maganar ta shiga kasuwa. Na ji haushi irin wanda ban taɓa ji ba. Wane baƙo? A Funtuwa aka binne cibiyarka, a nan ka yi karatun allo, a maƙabartar garin mahaifinka yake kwance. Masu cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, su zo su nuna mini wanda ya fi ka zama kaba.

'Yan'uwan matarka Abike suka zo daga kudu da mota za su tafi da ita da yaran, zuwa garin da ba ta taɓa yin damina a cikinsa ba. Na tarar ta ɗaure kaya. Ta ce, "Malam Maiwada, nan ne gidana, ban san wani ba. Amma in ana nuna 'ya'yana ana cewa aikin ubansu kisa yake yi, da wane ido za su shiga kasuwa?" Na roƙi yayanta ya ba ni kwana ɗaya.

Washegarin sadakar bakwai na tara 'yan ƙungiya a ɗakin tukunya don a gwada wutar a gaban kowa, na ɗauko Abike da yayanta. Alhaji ya aiko a ce mini in na yi haka in nemi wata ƙungiyar. Na ce a gaya masa na ji. Jibo, da ko tsayuwa bai gama iyawa ba, ya ce shi zai hura. Muka fito duka, aka ja ƙofa, muna leƙe ta tsagar katako. Wutar ta yi ja ta kwanta, hayaƙi ya riƙa tsiyayowa ta ƙarƙashin ƙofa, saman bututu kuwa shiru. Na zaga baya da diga. Kafin in ɗaga, sai na ji an riƙe ƙotar. Shitu ne, hawaye na bin gemunsa.

"Kawo, Malam," ya ce. "Ni na yaɓa, ni zan fasa. Wallahi gyara na zaci na yi."

Ya sara, laka ta zube, ragarka ta bayyana. Muka ji wutar ta yi gurnani a ciki, hayaƙi ya miƙe ta sama kamar an ja shi da zare. Na tsinci gashin kaza na miƙa wa Abike, ta durƙusa ta riƙe a bakin ragar, iska ta fizge shi daga yatsunta. Alhaji Bature ya gyara hula ya nufi motarsa.

An cire ni daga magatakarda a makon nan, kuma ban yi nadama ba. Motar kudu ta koma ba Abike. Shitu ya kewaye kafar da siminti, ya ce duk maginin da ya sake kusantarta da shi zai yi.

Allah ya jiƙanka, Ayinde. Ya sa ran Jibo da ka ceto ya zama hujjarka ranar gobe, Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Abike da yaranta, da 'yan'uwa na Funtuwa da na kudu, Allah ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Yaran kuma su shiga kasuwa da kansu a ɗage. Duk wanda ya tambaye su aikin ubansu, su ce ya je Dandume ya ɗaga kai.