Daga Gwiwa zuwa Ƙasa

Ƙofar shagona irin ta ƙarfen nan ce da ake naɗewa sama. Shekara ashirin da biyu da suka wuce ta maƙale daidai ƙirjin mutum. Sauka tana sauka, amma hawa ta ce daga nan ba ta ƙara gaba. Ni kuwa mai gyaran talabijin ne, ba mai gyaran ƙofa ba, sai na ƙyale ta. Tun daga ranar duk wanda zai shigo wurina sai ya rusuna, ko da zagina ya zo yi. Kaf layinmu babu mai shagon da ake girmamawa kamar ni.

A gefen wannan ƙofa, kan wata 'yar kujera da kaɗan ta fi ƙasa tsawo, Baba Dunduniya yake zama. Mai gyaran takalma ne. Akwati ɗaya ya ɗauke duk kayan aikinsa: basilla, zare, gwangwanin gam, ƙaramar guduma, da guntayen roba da fata. Na zo layin na same shi, kuma ina kyautata zaton kwaltar ma zuwa ta yi ta same shi.

Ƙa'idar aikina ce, in na gyara talabijin sai na ɗora ta kan kantar bango na bar ta a kunne awa biyu, in ga ko za ta sake tayar da rigima. Me za a saka mata? Fim. To daga inda Baba yake zaune, bakin ƙofar nan ya yanke masa rabin allon na sama. Shekara ashirin da biyu yana kallon finafinai daga gwiwa zuwa ƙasa. In aka matso da fuskar jarumi, haɓa kawai yake gani, sai ya koma kan ɗinkinsa har a dawo da ƙafafu.

Na sha ce masa ya shigo ciki, ga benci.

"Injiniya," haka yake tsokanata, "fuska ai ita aka biya ta yi ƙarya. Ƙafa kuwa ba wanda ya gaya mata an fara ɗauka."

Da farko dariya nake masa. Na daina ranar da Mai Aski, wanda shagonsa ke kallon nawa, ya kawo takalminsa gyara. Baba ya juya shi, ya shafa ƙasansa da babban yatsa, ya ce, "Kullum ta dama kake zagaya kujera in kana aski. Koma ta hagu na sati biyu, gwiwar nan za ta daina damunka." Mai Aski bai taɓa gaya wa kowa gwiwarsa na ciwo ba, don yana ganin kansa saurayi. Sati biyu kuwa ta daina. Daga nan muka fara ɓoye takalmanmu in muna da sirri.

A 'yan shekarun nan finafinai sun zube, ba sai na gaya muku ba. Labarin da za a gama kafin shayi ya huce, sai a ja shi kashi huɗu. Akwai ranar da wata talabijin da na gyara ta mutu ana tsakiyar fim. Na buɗe ta, na duba komai lafiya lau. Ashe gajiya ta yi.

Mai Aski shi ne shugaban masu suka a layinmu. Zai bar mutum da rabin kai ya tsallako titi da almakashi a hannu, ya ce, "Wallahi wannan darakta da kansa zai shigo hannuna, da sai na yi masa askin da zai yi wata bai fita ba." Sannan ya zaro waya ya karanto mana abin da masu sharhi suka rubuta, dogon bayani mai manyan kalmomi, wanda shi kansa in ya kai ƙarshe ya manta farko.

Baba kuwa magana ɗaya yake yi, kansa a sunkuye, zare a baki.

"An ce mutumin nan kwana uku yana gudu a daji. Ku dubi ƙasan takalminsa, ko takardar farashi ba a ɓare ba."

Ko ya ce, "Wannan da aka ce uwarsa ta mutu yanzu, tafiyar mai zuwa karɓar albashi yake yi."

Sai mu mayar baya mu duba. Haka ne kuwa. Abin da masu sharhi suka cika shafi uku suna lalube, tsohon nan ya gano shi a dunduniya, ya jefar, ya ci gaba da buga ƙusa. Bai taɓa kuskure ba, kuma bai taɓa sassautawa ba.

Wannan rashin sassauci shi ne ya zo ya tsaya mana a wuya, saboda Auta.

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe. Tana shekara shida mahaifiyarta ta rasu, sai ya zama in an tashi daga makaranta nan take zuwa, ta zauna kan akwatin tana zira masa zare. In fim ya yi daɗi sai ta shige ciki ta gaya masa abin da fuskoki suke yi, shi kuma ya gaya mata abin da ƙafafu suke cewa. Su biyu suka haɗu suka zama mai kallo guda. Ta girma, ta yi karatu, ta shiga harkar fim. Shekara bakwai tana ɗaukar kayan sawar 'yan wasa daga wannan ɗaki zuwa wancan, kafin wani furodusa ya ba ta damar zama darakta. Labarin wata mata ne mai tallan atamfa a ƙafa, gida gida, shekara goma.

Fim ya fito, aka yi mata ca. Wani ya rubuta cewa barcin da ya yi a ciki ya fi na gidansa daɗi. Wata ta ce a mayar da yarinyar nan wajen guga. A layinmu kuwa sai kowa ya yi gum. Mai Aski da ba a raba shi da magana, aka tambaye shi, ya ce, "Ai fim ya yi kyau, musamman... hasken." Baba bai kalla ba. Duk sanda na saka sai ya ce, "Canja, Injiniya."

Wata Talata da hantsi sai ga ta. Ta rame, idanu sun faɗa. Ta gaishe ni, "Kawu, ina kwana," ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, an ba ni aiki a wani ofis, ranar Litinin zan fara in na yarda. Na gaji da masu zagi, na gaji da masu lallashi. Ka kalla. In ka ce babu komai a ciki, na bar fim, ba zan sake waiwaya ba."

Na san bakin mutumin nan. Da ta shiga ciki tana neman wurin zama, na sunkuya kamar ina ɗaukar sukurudireba, na raɗa masa, "Baba, don Allah ko ƙarya ce ka rufa mata asiri."

Ya ɗago ya dube ni. "Ka taɓa ganin na shafa mai a kan takalmin da ya huje?"

Na kunna. Ya ajiye basilla, ya rufe gwangwanin gam, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani fim ba. Mai Aski ya tsallako ya tsaya ya harɗe hannu. Awa biyu babu wanda ya yi tari. Ni dai zufa nake yi kamar ni ne jarumar.

Saura kaɗan a gama ya ɗaga hannu. "Mayar baya."

Na mayar. Wurin bai kai minti ɗaya ba, kuma ba jarumar ba ce. Wata tsohuwa ce ta nufo ƙofar wani gida. Kyamarar ta sauka ƙasa, ba a ganin komai sai ƙafafunta cikin silifas, ɗaya an ɗaure igiyarsa da waya. Ta ɗora ƙafar dama kan dakali, ta sauko da ita, ta goga ta a bayan ta hagu, ta tsaya. Can ta sake ɗagawa.

"Sake."

Sau uku muka kalla. Sannan ya bari aka ƙarasa, na kashe.

"Auta, fim ɗin nan ba shi da kyau," ya ce. "Masu zagi sun yi gaskiya, sun ma rage miki. Matar da ta yi shekara goma tana yawo da kaya a ka, kika sa mata takalmin da bai taɓa ganin rana ba. Tana tafiya kamar ana jiran ta da mota a bayan kwana. Kuma ana jiran ta ɗin ne, ko?"

Auta ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. Na ce a raina shi ke nan, ofis ya samu ma'aikaciya.

"Amma tsohuwar nan ba 'yar wasa ba ce."

Ta ɗago.

"Ta daɗe tana aikin sunkuyo, shara ko wanki. Ƙugunta na hagu yana ciwo, shi ya sa take fara hawa da dama. Kuma ba ƙofar fim ɗinku take gani ba. Akwai wata ƙofa da ta daɗe tana son shiga, ƙafarta ta san hanya, zuciyarta ta hana. Nata ne a ciki, ba bare ba. An yi faɗa."

Wallahi ina kallo fuskar Auta ta canja. Ta ce matar mai shara ce a gidan da suka yi hayar ɗaukar fim. Wadda aka ɗauka ta yi fitowar ba ta zo ba, kowa ya tafi cin abinci, sai ta roƙi tsohuwar ta taka zuwa ƙofa kamar tana tsoron wanda ke ciki. Bayan an gama tsohuwar ta zauna ta yi ta kuka. Ashe shekara huɗu ke nan rabonta da gidan ɗanta, sau biyu tana zuwa bakin ƙofa tana juyawa.

Mai Aski ya janye ƙafafunsa ya ɓoye su bayan benci.

"Furodusa ya ce in yanke wurin," in ji Auta. "Ya ce wa zai biya kuɗi ya kalli silifas. A duk fim ɗin, nan kaɗai na yi masa gardama."

"Me ya sa kika saukar da kyamara ƙasa?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ni na sani." Ya dube ta. "Shekara ashirin da biyu ina kallon fim daga nan, ban ga irin minti ɗayan nan sau biyar ba. Sauran fim ɗin nasu ne, wannan naki ne. Wadda ta iya wannan in ta je ta zauna bayan tebur, ta cuci ƙafafun mutane. Injiniya, jawo min buhuna."

Buhu ne da ya ajiye ƙarƙashin kantata tun ina da gashi a ka. Takalman da aka kawo gyara ba a dawo an karɓa ba. Sau nawa ina rantsuwa zan zubar da shi. Ya zazzage shi a bakin shago, ya fara haɗa su biyu biyu, yana faɗin masu su kamar yana kiran 'yan uwansa. Wannan na mai raba wasiƙu ne, ga inda fedar keke ta cinye. Wannan na ma'aikaciyar asibiti, tsayuwa ta fi tafiya yawa. Wannan na wani ne da yake jan ƙafa tun da aka sallame shi daga aiki. Ya ɗauko wasu baƙaƙe da dunduniyarsu ta karkace waje, ya ɗora mata a cinya.

"Ga mai tallanki. Kar ki nemi takalmin da zai yi wa jaruma kyau. Nemi ƙafar da za ta shiga wannan ta yi sati tana yawo da shi, sannan ki kunna kyamara."

Ta goge fuska da bayan hannu, ta mayar da takalman buhu ɗaya bayan ɗaya. Ni na ɗora mata shi a mota, ina murna na rabu da wari. Litinin ta zo ta wuce, ofis bai ga ƙeyarta ba.

Shekara ɗaya da rabi kafin fim ɗinta na biyu ya fito. Ba zan ce kowa ya yaba ba, akwai wanda ya rubuta cewa an cika nuna ƙasa kamar an yar da allura. Na saka shi a wata babbar talabijin da na gama gyarawa. Baba ya rufe gwangwanin gam. Minti goma ana tafiya sai na ji ƙofa ta yi ƙara. Na juya, ga tsoho ya dafa ta, ya miƙe, ya rusuna, ya shigo cikin shagona.

"Matsa, Injiniya."

"Baba, lafiya?"

"Ƙafafun nan gaskiya suke faɗa. Ina so in ga masu su."

Ya zauna a benci, hannu a kan gwiwa, bai motsa ba har aka rubuta sunayen ƙarshe. Da sunan 'yarsa ya wuce ya share ido da gefen riga, ya ce hayaƙin dalmar liƙina ne, alhali ko ƙarfen liƙin ban kunna ba.

Mai Aski ya ce, "To Baba, yaya ka ga fim da kai?"

"Ashe suna da kai," ya ce. "Na wasu ma ya yi daidai da ƙafar."

Kunya ta kama ni da na ga dattijo kamar wannan ya rusuna kafin ya shigo wurina. Washegari na kira mai walda ya zo ya duba ƙofar. Yana ɗora mata hannu Baba ya nuna shi da basilla.

"Kai, bar ta yadda ka gan ta. In ka ɗaga ta, da me zan riƙa gane fim na banza?"