Ƙayar da Inna ba ta ji ba

Bayan ƙarin ruwa na huɗu na maganin kansar nono, likitan Damagaram ya ba mu takarda, ya ce a cika ta a kai asibitin Tanut a sa hannu kafin mu komo. Maganin yana iya cin jijiyoyin hannu da ƙafa, in ji shi, kuma da takardar zai san ko a ci gaba, ko a rage, ko a tsayar. Tsayarwar ce kaɗai ta zauna mini a rai.

Ni ce na yi kwalej, don haka ni na zauna ina fassara wa Inna. Takardar tana tambaya ko tana iya sa maɓallin riga, ko riƙe biro na ba ta wuya. Inna ba ta taɓa sa riga mai maɓalli ba, ba ta rubutu. Amsarta guda ce: "Da sauƙi, alhamdulillahi." A wurinmu uwa ba ta zayyana ciwonta a gaban ƴar fari. Na cike takarda tas, babu matsala ko ɗaya, har ina murna.

Majo, wato shugabar masu jinya, wata doguwar dattijuwa ce daga wajen Tarka. Ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau.

"Ɗiyata, wannan takardar mai lafiya ce. Ina ta mara lafiyar?"

Ba ta yi wa Inna tambaya ba. Ta aika aka kawo gero a faifai, ta watsa ƴan tsakuwa a ciki.

"Yaya, rufe ido ki tsince mini. Mun ji ku matan nan ƙasar Damargu kun fi kowa iya tsinta."

"Kun dai ji gaskiya," in ji Inna, tana dariya.

Yatsunta suka bi ta kan tsakuwa sau uku, ba su tsaya ba. Dariyar ta ƙare. Majo ta ce ta ƙulle bakin zanenta, ƙullin ya zame. Majo ta buga wani ƙarfe mai ƙafa biyu har ya ɗauki rawa, ta ɗora a gwiwa, Inna ta ce ta ji. A idon sawu, shiru. Da Majo ta ɗaga tafin ƙafar, ga ƙayar aduwa ta nutse a cikin baƙin lalle, wurin har ya fara ruwa. Ban san kwananta nawa ba.

Na fashe da kuka, na roƙe ta kada ta rubuta, za su hana Inna magani.

"In na bar takardarki, za su ƙara mata cikakken magani, wata rana ta kasa kai loma baki," in ji ta. "Ciwon nan hawa-hawa ne. Tana hawa na biyu: ya taɓa aikinta, bai hana ta kula da kanta ba. Ba na son ta taka na uku."

Ta cire ƙayar, ta cika sabuwar takarda, a gefe ta rubuta gero da ƙullin zane da faransanci.

Likitan Damagaram ya karanta gefen sau biyu. Bai tsayar ba, ragewa ya yi. Ƙafafun Inna ba su dawo duka ba, kullum da safe ni nake duba mata tafinsu. Amma ita ke ɗaura zanenta, kuma da hannunta take cin tuwo.