Ranar da Inna ta yi Larabci

Ƙanena, autanmu, tun yana ƙarami ba ya barin takarda ta wuce shi. In an aike shi sayen ɗa'amiya, irin ƙosanmu na nan, sai ta huce a hannunsa, don ya tsaya karanta guntuwar jaridar da aka ƙunso ta a ciki. Littafi kuwa daga ƙarshe yake fara shi, wai yana so ya san inda za a kai shi kafin ya hau. Har da ya girma ya sayi waya, in zai ja rubutu sama sai ya lashi yatsa tukuna. Na yi masa dariya har na gaji.

Ni karatuna bai wuce na allo ba, sai 'yar madarasa da na leƙa aka cire ni. Amma kunnena ba ya yar da magana. Abin da aka faɗa a gidan biki tun ina budurwa, zan maimaita shi yau har da tarin mai faɗin.

A wayar nan ya gano mutanen Najeriya da Nijar suna rubuta Hausa da baƙaƙen boko. Ya koya, ya buɗe shafinsa. Malamin makaranta ne a garin Sinja, ran Alhamis yake zuwa gida. Sai ya zauna kan angare, gadonmu na igiya, a ƙarƙashin rakubata, wato rumfata, ina gasa kisra, gurasarmu ta dawa, yana karanta mini abin da ya rubuta.

"Tsaya, Auta. Wa ka taɓa ji ya ce haka garin ga?"

"Haka suke rubutawa can, Yaya."

"To can za ka kai shi? Goge."

Ya goge yana gunaguni. Yakan ce shafi kamar rakuba ne a bakin hanya, ka share, ka yayyafa ruwa, wanda ya gaji ya zauna. Yakan ce wanda ba ya karanta na wasu bai kamata ya dami mutane da nasa ba. Shi kam kowa yake karantawa, har masu zagi a ƙasan rubutu. Shi ya koya mini baƙaƙen nan, kan ƙasa da tsinke, domin duk ƙauyenmu ba wanda ke iya karanta masa shafin.

Matsalar ke nan. Yaranmu Larabci suke karantawa. Ya nuna wa ɗan yayanmu wayar, yaron ya juya ta ya ce da Larabci, "Kawu, Turanci ka koma?" Tsofaffin da Hausar ke bakinsu kuwa ba su san baƙin ba, idon ma ya tafi. Na can nesa su kan leƙo, su ce Hausarmu ta sha Larabci, mece ce hawasha, mece ce tur'a. Yana bayani ɗaya bayan ɗaya: hawasha gonar haya ce, tur'a magudanar da ke kawo mata ruwa. Su yi godiya su wuce.

Wanda ya fi wahala a kansa shi ne labarin mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta. Ni na ba shi. Wata shekara mufattish mai duba auduga ya iske akuyarta cikin hawasha, ya yi ta faɗa da Larabci. Inna ba ta jin Larabci sai na gaisuwa. Ta bari ya gama, ta dube shi ta ce, "Akuyar ga ta riga ka zuwa garin ga, sai ka gaishe ta tukun." Mutumin ya tambayi Baba mi ta ce. Baba ya ce, "Addu'a take maka." Mun gyara wannan labari har sai da na ji muryarta a ciki. Ya sa shi a shafi. Shiru, kamar an jefa dutse a laka.

Wata Alhamis ya zo fuskarsa a sake. Tun kafin ya iso mata suka tare ni wajen shan jabana, gahawarmu, suna dariya, wai ashe haka tsohuwarku take. Ya sake rubuta labarin ne da Larabci, kuma labarin ya zaga ƙauyuka har garin Dinder, har Damazin.

Ya zauna ya karanta mini. Larabcin mai kyau ne, ina jinsa sarai. Ba ni da abin gyarawa, sai juya kisra nake. Da ya zo kan maganar akuya na ajiye abin da ke hannuna.

"Inna ba ta faɗi haka ba."

"Ma'anar ke nan, Yaya."

"In da Larabci ta faɗa, ai da mufattish ya ji. To ina abin dariyar?"

Ya kife wayar kan angare. Sannan ya ce, "Na Hausar ke kaɗai kika karanta. Ke kuma kin riga kin san labarin."

Na koma kan kisrata na ci gaba da gashi.

Bai rufe tsohon shafin ba, ya dai daina share shi. Nakan buɗe in shabaka, wato intanet, ta kama, in bi layukan da yatsa. Sabon da ya buɗe na Larabci kuwa ya cika da mutane. Yana zuwa har yanzu, ya ce in tuno masa wani labarin na Inna. Na yi fushi na wani lokaci na hana shi. Daga baya na ga in na riƙe su, da ni za a binne su, sai na ci gaba da ba shi. Ina faɗa da Hausa, yana rubutawa daga dama zuwa hagu, ba ya ko ɗaga kai.

Kwanan baya jikokina mata suka shigo da gudu da wayar uwarsu, suna ta ƙyaƙyata. Babbar ta faɗa jikina tana tambaya da Larabci, wai da gaske kakar mamansu ta ce a gai da akuya? Na buɗe baki in faɗa mata yadda Inna ta faɗe shi, da irin jan muryarta. Na dubi fuskokinsu, na san sai na tsaya fassara kowace kalma, kafin in gama sun koma waje.

Da Larabci na ce musu, "Gaskiya ne, haka ta ce."