Zakkar da Manzuran Ta Ƙi Mayarwa

Manzuran Bibi ta yi shekara goma sha ɗaya tana dafa abinci a makarantar 'ya'yan masu buga bulo da ke bakin garinmu, ta hanyar Muzaffargarh. A kowace shekara takan zama attajira sau ɗaya, na kamar minti biyar, sannan ta koma gaban tanderu.

A filin gasa jan bulo aka haife ta. Tana da shekara bakwai aka sa ta juya ɗanyen bulo a rana, tana da sha biyu ta iya kwaɓa laka ta buga ɗari biyar kafin azahar. Can ta yi aure, can ta haihu huɗu, 'ya ɗaya ce ta rayu, Sugran. Da tari ya kashe mijinta, bayanta kuma ya ƙi sunkuyo, Haji Rab Nawaz ya ɗauke ta aikin girki a makarantar da ya kafa a ƙarƙashin wata ƙungiyar taimako, ya ba ta ɗan ɗaki a bayan kicin. Ba ta taɓa manta masa wannan ba. Duk wanda ya taɓa Haji a gabanta, sai ta ce mutumin da ya rufa mata asiri ne, a canza magana.

Haji dillalin auduga ne da takin zamani, kuma ba ɓarawo ba ne. Gara in faɗi wannan tun yanzu, don na san yadda mutane ke son labarin ƙungiya ya ƙare. Ko rupi ɗaya na yara bai taɓa shiga aljihunsa ba, nasa ma ke fita. Ciwonsa dai bai san inda shi ya tsaya ƙungiya ta fara ba. A takarda, kwamiti ne na mutum bakwai ke riƙe da ita. A zahiri kuwa, ban da shi, biyu ƙannensa ne, ɗaya surukinsa, biyu abokan cinikinsa, kuma ba a cika wahalar da su da zama ba. Haji zai yanke abin da za a yi, na bakwai ɗin, Masta Irshad, ya rubuta a littafin taro cewa an zauna an amince, sannan ya hau kekensa ya bi su shago-shago su sa hannu. Masta Irshad shi ne ma'aji, tsohon malamin lissafi, mai tsoron Allah da tsoron Haji kusan daidai wa daida. Sau ɗaya a shekara yakan kai littattafan Multan, wani mai binciken kuɗi ya buga musu hatimi ba tare da ya sauko da gilashinsa daga goshi ba.

Yara ɗari da arba'in ne a rajista. Kowanne yana samun gurasa biyu da ludayin miyar dal, wato ƙananan wake, da rana, ranar Alhamis shinkafa. Malamai suna ganin karatu ne ke kawo yaran. Manzuran ta fi su sanin filin bulo. Yaro ɗan shekara takwas yana ƙara wa ubansa bulo ɗari biyu a wuni, kuma babu uban da zai saki hannun nan don haruffa. Abin da ke sa ya sake shi, an ɗauke masa baki ɗaya da rana.

Yawancin kuɗin ƙungiyar zakka ce, wadda 'yan kasuwa ke kawowa cikin azumi. Malamanmu sun ce zakka ba ta fita sai an damƙa wa talaka ta zama mallakarsa. Ba a gini da ita, ba a biyan albashi. Don haka ake yin abin da ake kira tamliki: a nemo talaka a ba shi kuɗin duka a gaban shaidu, su zama nasa, shi kuma ya juyo ya ba ƙungiya kyauta. Daga nan kuɗi sun zama na komai, a sayi siminti ko fanka. Talakan da Haji ya zaɓa ita ce Manzuran. Bayan ƙaramar salla za a kira ta ofis, limamin unguwa na zaune, Masta Irshad ya miƙa mata jaka ya ce, “Masi,” wato inna, “wannan naki ne, ki yi yadda kika ga dama da shi.” Ta karɓa, ta ɗan riƙe, ta mayar, ta dangwala yatsa a takarda. A ba ta rupi dubu biyu da yadin ɗinki, ta yi godiya.

Shekarar da ta gabata Haji ya ɗora bene a kan azuzuwa, zauren na'ura mai ƙwaƙwalwa, don wani mai ba da tallafi daga Lahore ya ce ba ya sa kuɗinsa a wurin da ba shi da gini na a zo a gani. Gini ya ci kuɗi, aka mayar da abinci kwana uku a mako. Manzuran ba ta iya karatu ba, amma ta iya ƙirga faranti. Ranar girki tana wanke ɗari da talatin. Ranar da babu, takan leƙa azuzuwa ta ga yara ba su kai hamsin ba. Ta faɗa wa Masta Irshad, ya ce zai faɗa wa Haji, magana ta mutu a nan.

Cikin azumin bana ta ji sauran labarin tana shara a ofis: an rubuta a littafi cewa kwamiti ya amince a tsayar da abinci gaba ɗaya shekara guda, a yi wa bene rufi da kuɗin. Ta san yaran da za su fara ɓacewa, ta san su da suna, ta kuma san wanda ya koma laka wata shida ba ya dawowa benci.

Ta sami Masta Irshad yana ɗaure kekensa, ta tambaye shi wata tambaya da ba ta taɓa yi ba: jakar nan da ake ba ta, da gaske tata ce, ko faɗa kawai ake yi? Ya yi dariya, ya ce da gaske ne mana. Ta ce to in ba da gaske ba ne fa? Sai dariyar ta tsaya. Ya ce in ba da gaske ba ne, to babu wanda zakkarsa ta fita a garin nan shekara goma sha ɗaya. Ta ce ta ji, ta ɗauki tsintsiyarta.

Kwana tara bayan salla aka kira ta, da hantsi, zafi ya riga ya fara. Haji na zaune ƙarƙashin fanka, liman a gefensa da kofin shayi. Rupi miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne cikin jakar, ba a taɓa tara kamarsu ba. Masta Irshad ya miƙa, ya faɗi abin da ya saba faɗa. Ta karɓa ta rungume, ba ta mayar ba. Kunyar Haji ta fi tsoronsa damunta.

Haji ya duba agogo ya yi murmushi. “Masi, nauyin jakar ne ya sage miki hannu? Miƙo, birkila na jira.”

“Haji Sahib, ba zan mayar ba.”

Ya ɗauka wasa ne. Ya ce wa liman a taya Masi murna, ta shiga sahun manya, gobe sai Makka. Ba wanda ya taya shi dariya.

“Abincin yara zan saya,” in ji ta. “An ce nawa ne.”

Fuskar Haji ta canza. Ya tuna mata ranar da ya tsince ta ba ta da wurin kwana. Ya ce bene na yaran ne, ba nasa ba, kuma in mutumin Lahore ya shigo, za a ciyar da ɗari uku ba ɗari da arba'in ba. Ya ce macen da ba ta iya rubuta sunanta ba ce za ta koya wa kwamiti aiki? Ita dai idonta na ƙasa. Ta ce duk gaskiya ne, ba ta musa ko ɗaya ba, amma kafin mutumin Lahore ya iso babu yaron da zai rage a hawa benen.

Haji ya juya wajen liman ya ce ya yi mata magana. Liman tsoho ne, kuma rabin abincin gidansa daga hannun Haji yake fitowa. Ya daɗe yana juya kofi. Sannan ya ce, “Haji Sahib, nata ne. In muka ƙwace, mun shaida da bakinmu cewa ba mu taɓa ba ta ba.”

Ta sa jakar cikin mayafi ta fita. Masta Irshad ya bi ta da keke, yana cewa tsoro yake kar a fizge mata a hanya. Ba ta biya ɗakinta ba, kasuwar hatsi ta nufa, shagon da suka saba saye. Ta zube kuɗin gaban mai shago, ta ce a yi mata lissafin garin alkama da dal da mai da shinkafa da itace, a riƙa kai wa makaranta duk Asabar. Ya buga lissafi ya ce zai kai wata goma. Masta Irshad da ya zo rakiya shi ya ƙare da rubuta yarjejeniyar: kaya ne za a kai, ba kuɗi ba, kuma ba a mayar wa kowa ko rupi ɗaya, har ita. Ita ta ce a sa wannan na ƙarshen. Ta san kanta, ta san ba za ta iya cewa a'a sau biyu ba.

Ranar Juma'a kwamiti ya zauna, mutum bakwai cif a ɗaki ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba tun kafa ƙungiyar. Surukin Haji ya ce a kira 'yan sanda. Aka tambaye shi me za a ce ta sata, aka bar maganar. Ƙarshe aka rubuta cewa an sallami Manzuran Bibi saboda tsufa, ta bar ɗaki kafin ƙarshen wata. Shida suka ɗaga hannu. Masta Irshad bai ɗaga ba, ya kuma rubuta a littafi cewa bai ɗaga ba, ya karanta musu da ƙarfi. Ya kawo shawara daga yanzu a buɗe wa zakka asusu daban a banki, ta abinci da littattafan yara kawai, gini kuwa a nema masa kuɗinsa da sunansa. Nan take aka amince. Ina so in ce tsoron Allah ne ya sa, amma ina jin babu mai marmarin sake miƙa wa wani talaka jaka.

Bene ya tsaya ba rufi, rodi na kallon sama. Mutumin Lahore bai zo ba. Haji ya rage abin da yake bayarwa, har aka sallami malami ɗaya, kuma akwai masu ɗora wa Manzuran alhakin wannan har yau. Ba zan ce ba su da hujja ba. Haji bai sake yi mata magana ba, wannan kuwa ya ci ta fiye da rashin aikin. Ranar da za ta tashi ta je ƙofar shagonsa yin sallama, yaransa suka ce ba ya nan, alhali tana ganin takalmansa.

Ta ɗora gadonta na igiya da akwatin ƙarfe a amalanken jaki, ta koma filin bulo wajen Sugran. Ɗaki ɗaya ne, mutum shida a ciki, ita ta bakwai. Labari ya riga ta isa. Mata na nuna ta da baki: ga wadda ta riƙe miliyan ta sayi wake. Surukinta kuwa ya daina cin abinci in tana wurin. Tun da ba ta iya sunkuyo, sai ta zauna a ƙasa tana jan jiki, tana juya ɗanyen bulo, aikin da ta fara da shi.

Sugran ta yi sati uku tana haɗiye maganar. Wata rana da la'asar, suna zaune su biyu a inuwar tulin bulo, ta kasa.

“Amma,” ta ce, haka suke kiran uwa, “miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a hannunki, halak malak, liman ya shaida. Dubu ɗari da kin cire, da mun sayi jaki da amalanke mun bar lakar nan. Wallahi ba wanda zai ce kin yi laifi. Ki dubi hannuna. Ki dubi hannuna mana. 'Ya'yan wasu kika tuna, ni ba ki tuna da ni ba.”

Manzuran ta dubi hannun. Duk ya tsage, farce biyu sun fita. Ta ce ta tuna da ita. Ta ce tun daga ƙofar ofis har kasuwar hatsi ba ta tuna kowa ba sai ita, shi ya sa ba ta tsaya a hanya ba.

Sugran ta juya baya tana kuka. A daidai lokacin yaran makaranta suka ɓullo ta kan hanya, tuli guda, suna ta hayaniya, 'ya'yan Sugran biyu a ciki. Ƙaramar ta rugo ta faɗa jikin kakarta. Manzuran ta tambaye ta ko ta ci, ta ce ta ci, gurasa biyu, amma sabuwar mai girki ba ta iya gishiri ba.

“Ku nawa ne yau?”

Yarinyar ta ce ba ta ƙirga ba, amma benci bai isa ba, wasu a ƙasa suka zauna.

Sugran ta share fuska da bayan hannu, ta tashi ta koma bakin laka ba ta dubi uwarta ba. Akwai sauran bulo ɗari uku kafin magariba. Manzuran ta sauke yarinyar daga cinyarta, ta ja jiki ta bi ta.