Ranar da Kawu Sale Ya Sauka a Gidan Mai Gonar Inabi

Duk wanda ya taɓa ɗaukar Kawu Sale a mota ya san ba a ce masa "bismillah" ya shiga. Sai ya zagaya ta tukuna. Ya ɗan daki kowace taya da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashi ko mai yana ɗiga, ya sa ka kunna fitilu yana tsaye a gaba, hannu goye a baya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa jar bus a Tottenham, kullum da wannan yake fara aiki, da ya yi ritaya kuwa sai ya dawo da aikin kan motocinmu. Ranar da za a kai ni asibiti haihuwar Fatima, ina cikin tasi ina murƙususu, Kawu yana waje yana gaya wa direba tayarsa ta baya tana son iska.

Na ce, "Kawu, haihuwa fa zan yi."

Ya ce, "Shi ya sa, Uwani. A duba tukuna."

Yau kwanansa arba'in da rasuwa. Zainab, 'yarsa, ta ce in rubuta wa dangi labarin tafiyarmu Ajantina, tunda guntu-guntu kuke ji, kowa kuma da irin ƙarin da yake yi.

Asalin abin a talabijin ne. Ya ga wata hanya tana hawa dutse tana lanƙwasa kamar an jefar da igiya, ya miƙe zaune ya ce, "Wannan ita ce hanyar direbobi, ba tamu ta danja ba." Zainab ta riƙe maganar. Ta yi musu booking ɗin tafiyar kwana bakwai a mota, da ɗan jagora, daga duwatsu zuwa hamada. Saura mako biyu aka yi cancel ɗin hutunta a asibiti, sai tafiyar ta faɗo kaina, tunda Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Abban Fatima ya ce in je, zai riƙe yara.

Da na karanta takardar tsarin tafiyar sai na ga inda matsalar take. Ranar ƙarshe a kwarin gonakin inabi za a yi ta, inda ake matse shi a yi giya, har da cin abincin rana a gidan wani mai gona.

Na ce, "Zainab, kin gaya wa Kawu?"

Ta ce, "Yaya Uwani, ke za ki gaya masa. A jirgi. Can ba shi da wurin sauka."

Kun dai san mutumin. Kantin da ke ƙasan flat ɗinsa bai taɓa sayen ko burodi a ciki ba saboda ana sayar da giya, gara ya taka har layi na uku cikin ruwan sama. Kun kuma san ɗaya halin nasa, ba ya shiga gidan mutum ya fito bai ci komai ba, ya ce wannan cin fuska ne. Da idona na ga ya cinye farantin kabejin da maƙwabciyarsa Baturiya ta dafa ba gishiri ba mai, ya kuma gode mata. Halayen nan biyu ba su taɓa haɗuwa a ɗaki ɗaya ba, ga shi ni zan kai su.

A jirgi ban faɗa ba. Na ce sai mun sauka. Da muka sauka na ce sai ya huta.

Ɗan jagoranmu sunansa Ramiro, mai kimanin shekara arba'in, shi ne kuma direba. Abokan tafiyarmu wasu Turawa ne mata da miji daga Leeds. Safiyar farko Ramiro ya buɗe mana ƙofa, Kawu ya wuce shi ya fara zagaye. Na sunkuyar da kai don kunya. Ramiro ya tsaya yana kallo, can sai ya je ya ɗaga masa murfin inji da kansa. Kawu ya zaro sandar mai ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ya taɓa bel. Ya nemi abin faɗa ya rasa.

Ya ce masa da Turanci, "Wa ya koya maka kula da mota?"

"Mahaifina."

"To ya iya tarbiyya."

Daga nan kujerar gaba ta zama tasa. Muka shiga wata hamada, tafiyar awa biyu ba mu haɗu da mota ko ɗaya ba, sai wasu dabbobi masu dogon wuya kamar an haɗa raƙumi da tunkiya. Ramiro ya karya kwana, Kawu ya yi gyaran murya.

"Ba ka sa sigina ba."

"Mista Sale, babu kowa a nan."

"Waɗancan raƙuman fa? Su ba su da haƙƙi?"

Tun daga ranar Ramiro yake sa wa duwatsu sigina.

Rana ta huɗu muka hau hanyar nan ta talabijin. Can sama iska ba ta da ƙarfi, taku biyar za ka yi ka ji kamar ka hau benen tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da kaya a ka. Ramiro yana da ƙaramar tukunyar iska da abin sawa a hanci. Ya miƙa wa Kawu, Kawu ya ce shi ba majinyaci ba ne. Ina ganin leɓensa ya canza kala, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa.

Na ce, "Kawu, haki kake yi."

Ya ce, "Tasbihi nake yi."

Allah ya taimake ni, matar Leeds ɗin nan jiri ya kama ta, amma tana tsoron abin hancin. Na ce, "Kawu, baiwar Allahn nan za ta sa abu a fuskarta, ba wanda ya duba ko yana aiki." Bai bari na rufe baki ba ya karɓa. Kwata na awa ya yi yana dubawa, ido a lumshe, har kalarsa ta dawo. Sannan ya miƙa mata.

"Yana aiki. Amma gobe ma sai an sake dubawa."

Washegari muka isa filin gishiri, fari fat har ƙarshen ganinka, sama kuma shuɗiya kamar an rine ta. Na tsaya ina ta subhanallah. Azahar ta yi mana a nan. Kawu ya ɗaga kai ya ga rana ta karkata arewa maimakon kudu, ya ce shi bai yarda da ƙasar da rana take bin hannun da ba nata ba. Wayata ma bai yarda da alƙiblarta ba, sai da Ramiro ya ɗauko kamfas na ƙarfe suka auna tare. Iska tana ta naɗe sallayar, Ramiro ya durƙusa ya danne gefenta da hannu har Kawu ya yi sallama. Kawu ya dube shi ya ce da Hausa, "Allah ya shirye ka, ɗan albarka."

Kafin mu koma mota Ramiro ya ja ni gefe yana murmushi. Ya ce gonar da za mu ci abinci jibi ta mahaifinsa ce. Ya ba shi labarin direban London a waya, tsohon ya ce zai buɗe kwalbar da ya ajiye tun shekarar da aka haifi Ramiro.

Na ce, "Ai ka san ba ma sha."

Ya ce, "Na gaya masa. Ya ce wannan ba sha ba ne, girmamawa ce. Shi ma ba ya jin magana."

Ba sauran wurin ɓuya. Da safe muna gangarowa ta tsakanin wasu jajayen duwatsu, aka tsaya ɗaukar hoto, na sami Kawu a kan wani dutse na durƙusa na gaya masa komai. Ya juyo ya dube ni.

"Tun London kika sani?"

"E, Kawu."

"Kika bar ni na ci abinci da yaron nan kwana shida."

Na ce ko mu zauna a otal, a ce ba shi da lafiya.

"In yi ƙarya? Mutum ya share gidansa domina, in aika masa da ƙarya?"

Ya tashi ya shiga mota bai ko kalli taya ba. Yinin nan Ramiro ya karya kwana ya fi sau ashirin, Kawu bai ce sigina ba. Ni kuwa ina baya ina share hawaye da gefen hijabi, ina roƙon Allah kada ya ci mutuncin tsohon mutane, kada kuma a ci nasa.

Gidan farin gini ne a tsakiyar layukan inabi, lokacin ma ana tsinka. An shimfiɗa dogon tebur a inuwa, kofunan gilas a jere suna ƙyalli. Mahaifin Ramiro, Don Eusebio, gajeren tsoho ne mai faffaɗar hula, hannunsa kamar saiwar itace. Ya fito rungume da wata kwalba mai ƙura kamar jariri, ya tsaya gaban Kawu, ya ɗora mabuɗi a bakinta.

Kawu ya ɗaga tafin hannu.

"Ramiro, ka fassara. Kada ka rage, kada ka ƙara."

Ya gyara hularsa ya ce, "Safiya bakwai ina duba motar ɗanka, ban sami laifi ko ɗaya ba. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa faɗin haka a kan motar kowa ba, har tawa. Wannan aikinka ne, na kuma zo in gaya maka da bakina. Abin da ke cikin kwalbar nan Ubangijina ya hana ni. Ba zan sha ba, ba zan zauna inda ake sha ba, kada ka buɗe domina. Amma kuma ba zan bar gidanka ban ci naka ba. Me kake da shi a gidan nan wanda ba ya shiga ganga?"

Ramiro ya fassara. Fuskar tsohon ta ɗaure. Ya ajiye kwalbar a kan tebur, ya juya ya tafi. Mutanen Leeds suka hau kallon takalmansu. Na ce a raina shi ke nan, an kore mu. Kawu kuwa yana tsaye ƙyam kamar mai jiran fasinja.

Da tsohon ya kai kusurwar gida sai ya waiwayo, ya yafuto mu da hannu.

A bayan gidan akwai wata rumfa da itacen inabi guda ɗaya ya lulluɓe, 'ya'yansa manya, ruwan ɗorawa. Ramiro ya ce a hankali mahaifiyarsa marigayiya ce ta dasa shi, na ci ne, ba a taɓa matse shi ba, tun rasuwarta kuma ba a kawo baƙo wurin ba. Tsohon ya zaro wuƙa ya yanko nonon inabi guda mai nauyi, ya ɗauraye a famfo, ya miƙa da hannu biyu. Kawu ya zauna, ya yi bismillah, ya cinye shi tas har ƙwallayen.

Sai ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro ɗan tsumma mai laima. Goro ne. Ashe ya nuna shi a filin jirgi, suka jujjuya suka sunsuna suka bar masa. Ya ɓare ɗaya, ya miƙa wa mai gida rabi. Tsohon ya jefa a baki ya tauna da ƙarfinsa. Ku zo ku ga fuska. Ido ya kawo ruwa, gashin baki yana rawa, amma ya ƙi tofarwa, yana ta gyaɗa kai wai da daɗi.

Kawu ya bar shi ya ɗan sha wuya tukuna, sannan ya ce, "Ka ce masa ya tofar, ba zan ji haushi ba. Ni ma ai bai ji haushina ba."

Tsohon ya tofar, ya yi dariya har da tari, ya kama Kawu ya sumbace shi a kumatu biyu. Kawu ya sandare, ya waiwayo ya ce min da Hausa, "Wannan ma yana cikin booking ɗin, kika ɓoye min?"

A ƙarƙashin rumfar aka kawo mana abinci, gasasshiyar masara da dankali da cukun akuya. Mutanen Leeds suka ci nasu a gaban gida. Mai gida ya bar su da ɗansa, ya zo ya zauna da mu da kofin ruwa. Wannan ba Turanci, wancan ba Sifaniyanci, amma awa biyu suka yi suna hirar giyar mota da birki, da hannu da ƙafa da ƙarar baki. Ina gefe ina kallon Kawuna, da kaftaninsa da hularsa a ƙarshen duniya, bai saki addininsa ba, bai kuma karya zuciyar kowa ba. Wallahi ban taɓa jin girman kasancewa 'yar gidanmu kamar ranar ba.

Sai a hanyar komawa ya sake yi min magana, bai ma juyo ba.

"Uwani."

"Na'am, Kawu."

"Da kin gaya min a London, da ban zo ba. Kin yi laifi." Can ya ƙara da cewa, "Allah ya yi miki albarka."

Da Zainab ta sanar da Ramiro rasuwar, bai rubuto dogon bayani ba. Hoto ɗaya ya turo, tsohon yana tsaye a ƙarƙashin rumfar, ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

Ya Allah, Kawu ya bar abin da ka hana saboda kai, a inda ba wani namu mai ganinsa sai ni. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka zaunar da shi a inuwar Aljanna, ka ciyar da shi inabinta. Mu da muka saura, ka ba mu rabin kunyarsa da rabin tsayuwarsa. Amin.