Dangwalen Baba Ilu

Ku da kuka zauna a unguwar Karantina, can ƙasa mai tsarki, kun sani, duk wanda ya gaisa da Baba Ilu sai ya wanke babban yatsa. Kushin tawada ba ya rabuwa da aljihun jallabiyarsa. Kana cikin "ina kwana", ya riga ya dangwala yatsanka a takarda.

Na zauna a Khartum, na zauna a Kumasi da Yamai, na ga taurin kai iri-iri, amma ban ga na biyunsa ba.

Burinsa ɗaya: a cire lungunsu daga ƙungiyar Hausawan unguwa. Dalili? Duk bikin da ƙungiya ta shirya, a bakin tagarsa ake kafa rumfa da lasifika. Ƙa'ida kuwa a fili take: sai mafi yawan masu gidajen lungun sun dangwala da kansu, sannan a kira taro a kaɗa ƙuri'a.

Ni ne sakatare, jarrabawata ke nan. Ya kawo takardar farko, na duba.

"Baba, mai wannan yatsan ai baƙon umara ne, tuni ya koma Kano."

"Ya kwana a lungun ko bai kwana ba?"

"Wannan ɗan mitsitsin fa?"

"Jikana ne. Shi lasifikar ta fi hana barci!"

A ta biyu, yatsa ɗaya na gani daga sama har ƙasa, da tabon wuƙa a tsakiya. Na kalli hannunsa. Baba tsohon mahauci ne.

"Wakilci ne," in ji shi. "Masu gidajen suna wurin aiki, kafili, ubangidansu Balarabe, bai san uzuri ba. Yalla, buga hatimi!"

Kai! Ranar nan, Hausa ta ƙare mini, da Larabci na ƙarasa faɗan.

Bai fasa ba. Ya bi gida-gida har takarda ta cika, halal ɗinta, muka sa ranar ƙuri'a. Kafin ranar ta zo, hukuma ta rubuta mana a bango da jan fenti: a tashi. Katafila ta kwashe lungu da rumfa da taga gaba ɗaya, muka watse.

Na same shi a unguwar Waziriyya inda ya koma, ɗaki tsit, ko kukan yaro babu.

"Malam Sakatare, lungu na ce a cire, ba unguwa ba." Ya zaro kushin. "Kawo yatsa. Wannan ta a dawo da kowa ce. Tun da na bar jin lasifikar nan, barci ya ƙi."

Ban tambayi ƙa'ida ba, na miƙa.

Allah ya gafarta maka, Baba Ilu. Ya tara ka da maƙwabtanka a unguwar da ba a rushewa.